Gwangwani Shida na Alhaji Mai Famfo

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba direban Alhaji Mai Famfo ya shigo shagonmu da jakar bakko a hannu. Na riƙe lokacin ne saboda ina da darasi ƙarfe biyar a makarantar yamma, idona na kan agogon bango ina tunanin ko zan sami danfo, bas ɗin haya, kafin hanyar Ikeja ta cushe. Direban, Ɗanjuma, ya dire jakar a kan teburin aiki, ya fito da gwangwanayen madara guda shida ya jera su.

"Ina Hajiya?" ya tambaya. Gwaggo Ladi yake nufi, ƙanwar mahaifina, mai shagon.

Na ce ta shiga ciki tana sallar La'asar.

"To, 'yar boko, ga saƙon Oga. Yaji ne. A sa a akwatin Malama Zulai, can ƙasa, a jera sauran kaya a kai. Asabar da safe zan zo in kai ta filin jirgi. Oya, rubuta mana, tunda ke ko tari aka yi sai kin rubuta."

Ya yi dariya ya fita. Na ɗauki gwangwani ɗaya don in matsar da shi gefe, sai hannuna ya ƙi yarda da shi. Gwangwanin madara irin wannan, in aka cika shi da yaji har baki, gram ɗari shida da hamsin yake yi, ko ya ɗara kaɗan in yajin ya sha ƙuli. Na ɗora shi a ƙaramin sikeli. Kilo ɗaya da gram ɗari. Na ɗora sauran biyar ɗaya bayan ɗaya, duk haka, babu wanda ya fi wani. Na girgiza ɗaya kusa da kunnena. Yaji yana motsi a gwangwani, yana 'yar ƙara kamar rairayi. Wannan shiru yake. Murfin kuma ba salatif aka naɗa masa ba, da dalma aka liƙe shi, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai yaji wurin mai dalma ba. Ranar ban je makaranta ba.

Ku 'yan matan da kuka fara aiki tare da mu bana, na ji kuna cewa ɗaurin kayan matafiya ba sana'a ba ce, zuba abu ne kawai a leda a danna inji. Ban iya doguwar magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto muku. Shekara goma sha uku ke nan ina wannan aiki, da safe shago, da yamma makaranta, kuma har yanzu akwai kayan da sai na kwance na sake ɗaurewa.

Aikina na farko garin kuka ne, mudu uku, na wata mata mai zuwa Landan wajen 'yarta da ta haihu. Na zuba, na liƙe, na ga ya yi kyau a ido. Ban matse iskar ba, ban ninka ledar ba. A cikin jirgi ledar ta kumbura ta fashe. Matar ta bugo waya tana faɗa, leshinta huɗu na fitar suna duk sun koma kore. Gwaggo ba ta zage ni ba. Ta ajiye min buhun kuka da rariya, ta ce in tankaɗe shi duka in ɗaure leda ɗari. Kowace leda na gama sai ta taka da ƙafarta. Wadda ta fitar da gari, a sake. Kwana tara na yi ina atishawa.

Daga nan kowane kaya ya koya min halinsa. Daddawa sai ta bushe ƙarau kuma leda uku take sha, in ba haka ba ta yi gumi a hanya, akwatin ya riga mai shi sanar da isowarsa. Busasshiyar kuɓewa tana huda leda, sai an yi mata shimfiɗar takarda. Goro ba ya shiga Saudiyya, kilishi ba ya shiga Ingila. Ko mai kaya zai rantse cewa bara ya wuce da shi, ku mayar masa da abinsa ya ci a gida. Akwati kilo ashirin da uku aka yarda, amma mu a ashirin da biyu da rabi muke tsayawa, domin sikelin filin jirgi ba ya sanin kowa.

Wata rana wani dattijo daga Alaba Rago ya kawo busasshen kifi a kwali. Daga gida aka aiko masa, an naɗe shi da kyau, ya ce a liƙe kawai yana sauri. Gwaggo ta yanke igiyar, ta ɓalle kifi ɗaya gida biyu, sai ga ƙwari suna gudu a ciki. A ranar ta gaya min dokar shagon: abin da ba mu buɗe mun gani da idonmu ba, ba ya shiga akwati. Dalilinta shi ne, matafiyi ne zai tsaya gaban jami'i a tambaye shi ko shi ya haɗa kayansa, ya ce e, alhali mu muka haɗa. Da bakinsa yake ɗaukar nauyin abin da hannunmu ya yi.

Kayan aikinmu kun san su: sikeli biyu, babba da ƙarami, injin liƙi, injin zuƙe iska, rariya, salatif, da wuƙar nan mai ƙotar ƙaho da ke rataye a ƙusa. Kuna taɓa komai, amma kun lura ba a ba ku wuƙar. Ni ma a lokacin ba a ba ni. Duk ƙullin da mai kaya ya zo da shi a rufe, mai shago ce kaɗai ke buɗe shi, ko wadda ta miƙa wa wuƙar da hannunta, saboda duk abin da ya fito daga ciki ita za ta amsa. Shekarata shida a shagon a lokacin, ban taɓa yanka ƙullin kowa ba sai da izininta.

Don haka da Gwaggo ta idar da salla ta fito ranar Larabar, sai na nuna mata gwangwanayen.

"Gwaggo, waɗannan sun yi nauyi."

Ta ɗauki ɗaya ta jinjina a tafin hannu, sannan ta mayar da shi a hankali kamar ƙwai.

"Sikelin nan ya fara tsufa," ta ce.

"Ban da sikeli ma, ko a hannu ana ji. In ɗauko miki wuƙa mu buɗe ɗaya?"

Ta dube ni, ta dubi ƙofa. "Sa'a, saƙon wa aka ce miki?"

"Na Alhaji."

"To."

Ta tura gwangwanayen ƙarƙashin tebur, ta rufa musu buhu, ta ce in je in duba ko zoɓon da aka shanya ya bushe. Ba a shanya zoɓo ba ranar.

A wurinmu akwai abin da ya fi dokar shago ƙarfi. Saƙon babban mutum ba a buɗe shi, domin buɗewa daidai take da ka ce masa ban yarda da kai ba. Balle babban da ya biya wa mutum kujerar Umara. Alhaji ne ya biya wa Malama Zulai. Ita ce malamar Islamiyyar unguwarmu, ita ta koya min baƙi da wasali, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Kuma kowa ya san hukuncin wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi a ƙasar da za ta. Ba ɗauri ake yi ba, kai ake cirewa.

Abin da zan gaya muku game da Alhaji, rabinsa da raɗa muka san shi a lokacin, rabin kuma sai bayan an kama shi bakin mutane ya buɗe. A saman motar albasa ya shigo Legas yana matashi. Ya yi dako a kasuwar Mile 12 har kafaɗarsa ta yi kanta, daga baya ya zama dillali. A nan ya lura da abin da kowa ke gani bai damu ba: motocin da ke kawo albasa da tumatur a cike suke zuwa, wayam suke komawa Arewa. Sai ya fara cusa kwalayen maganin tari da ƙwayoyi a ƙarƙashin kwandunan da aka juye. Cikin 'yan shekaru ya sayi motocin kansa. Ubangidansa na kasuwa, wanda ya fara ba shi rumfa, ya kira shi ya ce ya bari. Aka wayi gari aka ce ubangidan ya koma gida, iyalinsa na gida kuma har yau ba su gan shi ba. Daga ƙwaya ya hau hodar iblis. Ta ruwa take shigo masa, ta sama yake fitar da ita, wata a cikin samarin da ke haɗiye ta, wata a akwatunan mutanen da ba su san komai ba. Ragunan da yake saukewa kafin Sallah sutura ce kawai, don a ce yana da sana'a.

In kuka gan shi ba za ku yarda ba. Ba ya riƙe waya, ba ya taɓa kaya da hannunsa. Farar jallabiya, silifa na roba, tabarma a ƙofar gida bayan La'asar, duk wanda ya zo da kuka ya koma da abin cefane. Shi ya haƙa rijiyar burtsatse ya ja mana famfo layi-layi, daga nan ya sami sunan. Ruwan da muke sha da wanda muke alwala duk nasa ne. Kowace shekara yana biya wa mutum biyar ko shida kujera: masu gadi, zawarawa, ladanai, irin mutanen da jami'i zai ji kunyar ya ce su buɗe jaka. Kowa da ɗan saƙon da zai kai wa 'yar'uwar Alhaji a Jidda. Wasu sun dawo da dabino da zamzam. Wasu ba su dawo ba, aka ce sun zauna can neman abinci, kuma da yake ana yin haka, ba wanda ya bi sawu.

Habu mai shayi ya taɓa cewa cikin raha, a gaban masu shan shayinsa, albasar Alhaji ce kaɗai ba ta ruɓewa ko da damina. Bayan kwana biyu teburinsa ya ɓace, shi kuma ya bar unguwarmu ta Agege da hannu a naɗe. Wani tela ya kai magana wurin hukuma. Kafin ya iso gida Alhaji ya ji. A cikin kwalbati aka tsinci gawarsa. In kuna tambayar abin da ya hana mu kai ƙara, wannan ne.

Da can wata mata ce a Ikeja ke haɗa wa mutanensa akwati, sai ta rufe shago ba sallama. Malama Zulai kuma ta dage cewa ƙawarta Ladi ce za ta ɗaure mata kaya. Ta haka gwangwanayen suka faɗo mana.

Ranar Alhamis da safe na sayo sukari na kamfani, kilo ɗaya, wanda ba a fasa ba, na ɗora a sikeli a gaban Gwaggo. Kilo ɗaya cif. Na cika gwangwanin madara da yajinmu har baki na ɗora. Ɗari shida da sittin. Gwaggo tana ɗaure garin ɗanwake na wani ɗalibi, ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, sikelin lafiyarsa lau."

"Na gani. Miƙo min salatif."

"Mu buɗe?"

"Na ce miƙo min salatif."

Da azahar na ɗauki takardar jerin kayan Malama na ce zan kai mata ta duba. Ɗakinta cike yake da mata 'yan sallama, kowa na ba ta saƙon addu'a. Wata na cewa a roƙa mata lafiyar gwiwa, wata na cewa a roƙa mata miji amma ba irin na farko ba, ana ta dariya. Sabon hijabi fari na rataye a bayan ƙofa, an goge shi.

"A'a, Sa'adatu sarkin shiru, yau ke ce a gidanmu?" Malama ta ce. "Ku matsa mata. Zauna ki ci wake da shinkafa, wannan karatu ya tsotse ki."

Na zauna har aka fara watsewa. Sai da ta rako ni bakin ƙofa na sami bakin magana.

"Malama, saƙon Alhajin nan, kin ga abin da ke ciki?"

"Yaji ne, na 'yar'uwarsa. Ta ce na can ba ya mata daɗi."

"Ya yi nauyi."

Ta yi dariya. "In ya yi nauyi ki rage garina, ai can ma ana cin abinci."

"Ba nauyin akwati nake nufi ba. Da za ki ce wa Gwaggo a buɗe ɗaya a gabanki."

Fara'arta ta ragu. "Haba 'yata. Shekara ashirin ina koya muku ɗawafi da kwali a tsakiyar aji, ni kaina ban taɓa ganin Ɗakin Allah ba. Yau bawan Allah ya ɗauki ɗawainiyata, sannan in ce a bincike masa saƙo? Ina zan kai fuskata? Ba tarbiyyar da na ba ki ke nan ba."

Kafin in ƙara, wata maƙwabciyarta ta leƙo tana tambayar aron tsintsiya. Mijinta ke gadin gidan Alhaji. Na yi sallama na tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zuƙe iskar busasshen tattasai sai mota ta tsaya a ƙofar shago. Alhaji bai taɓa taka shagonmu ba sai ranar. Ya yi sallama da murya mai taushi, ya zauna a bencin masu jira, ya ajiye carbi a cinya. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe shi, ni ma haka.

"Hajiya Ladi, ya kasuwa? Famfon layinku yana kawo ruwa dai ko?"

"Yana kawowa, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

"Madalla." Ya juyo gare ni. "Wannan ce Sa'adatu? An ce min kina da ƙoƙari. An ce jiya har gidan Malama kika je saboda kula da kayanta. Haka ake so. Amma kwana biyu ba ki je makaranta ba, lafiya dai?"

Na ce lafiya.

"Ki riƙa zuwa, karatu yana da kyau. Sai dai hanyar nan ta bayan gareji da kike bi in kin sauka daga danfo, ba ta dace da 'ya mace ba. Ni kullum ina jin tsoron abin da zai sami 'ya'yan mutane."

Ya miƙe, ya shafa injin liƙi da yatsa biyu kamar mai duba ƙura.

"Wannan ai zai yi wuyar samu yanzu. A riƙa kula da shi. Gobe ƙarfe takwas Ɗanjuma zai zo."

Har motar ta tashi Gwaggo tana durƙushe. Da ta miƙe ta koma kan inji, sai ta danna shi a kan yatsanta maimakon leda. Shekara shida ban taɓa ganin inji ya ƙone ta ba. Na kawo mata ruwa a kofi ta tsoma.

"Gwaggo, gobe ne fa."

"Na san gobe ne. Ubanki amana ya ba ni ke. Kin ji abin da mutumin nan ya faɗa da kunnenki. Me kike so in yi?"

"Malama ma tana da 'ya'ya uku."

Gwaggo ta cire yatsanta daga kofin. Ta sa muka rufe shago tun kafin La'asar, ga kayan mutane uku ba a ɗaure ba.

Abin da ya biyo bayan Asabar ɗin kun sha ji a bakin mutane. Mutanen Alhaji sun farfasa shagonmu na bakin layin dogo da rana tsaka, kuma ba wanda ya ce ya gani. An yanke famfon layinmu, maƙwabta suka daina amsa gaisuwarmu saboda mu muka ja musu. An tura ni wajen dangi a Zariya, na rasa shekarar karatu. Wata goma sha ɗaya Gwaggo tana liƙe leda da kyandir a ɗakinta, ga mutum biyu ko uku da suka rage mata. Sai da aka kama Alhaji a wani asibiti, inda ya je wankin ƙoda da sunan wani, sannan muka sake buɗe shago a nan. Abin da ba ku ji ba shi ne yadda safiyar ta kasance, domin mu huɗu ne kawai a ciki, kuma Gwaggo ba ta ba da labarin.

Ƙarfe takwas saura kwata Ɗanjuma ya iso da Malama. Tana sanye da farin hijabin, da 'yar jakar fasfo a wuya. 'Ya'yanta da 'yan rakiya suka tsaya a waje kusa da mota. Akwatin na buɗe a kan tebur, babu komai a ciki. Na jera kayanta a gefe kamar yadda ake yi, mai nauyi kusa, mara nauyi nesa: gari, kuka, tattasai, tufafi. Gwangwanayen shida na fito da su daga ƙarƙashin tebur na ajiye a gaba, tunda su aka ce a fara sawa. Gwaggo tana tsaye wajen inji ta ba mu baya, tana ninke ledojin da an riga an ninke.

Ɗanjuma ya jingina da ƙofa yana kaɗa makullin mota. "Oya, 'yar boko, zuba su. Jirgi ba ya jiran malamai."

Na ɗauki na farko. Maimakon akwati sai na ɗora shi a sikeli.

"Me kuma?"

"Aunawa nake."

"Wa ya ce ki auna? Abeg, in ya wuce nauyi Oga zai ji da shi."

Na ɗauko gwangwanin yajinmu wanda na cika ranar Alhamis. "Malama, don Allah zo ki riƙe min."

Ta matso tana murmushi, ta ɗauka taimako nake nema. Na sa mata namu a hannun hagu, na Alhaji a hannun dama. Hannun daman ya yi ƙasa.

"Wannan yaji ne cike har baki," na ce, na nuna na hagu. "Wannan ma an ce yaji ne. Gwangwani iri ɗaya. Girgiza su ki ji."

Ta girgiza na hagu, ya yi ƙara. Ta girgiza na dama. Ta duba murfin, ta bi dalmar da babban yatsa. Murmushin ya tafi. Shekara ashirin tana girki kafin a haife ni, ba sai an yi mata bayani ba.

"Ladi?" ta ce a hankali. "Ladi, mene ne wannan?"

Gwaggo ba ta juyo ba.

Ɗanjuma ya daina kaɗa makulli. Ya shigo ciki sosai, ya ja ƙyauren ƙofa ɗaya ya rufe, shagon ya yi duhu rabi. "Hajiya, ki ja wa yarinyar nan kunne. Kin san wanda ya aiko ni. Jiya da ƙafarsa ya zo nan, kuma ba ya zuwa wuri sau biyu. Malama, ajiye kayan mutane, ba ruwanki da shi. Ke dai ki kai, ki yi ibadarki, ki dawo. Wasu nawa suka je suka dawo?"

"Wasu nawa ba su dawo ba?" Malama ta ce. Ta waiga wajen 'ya'yanta ta sauran ƙofar da ke buɗe, har yanzu gwangwanayen na hannunta, ta rasa inda za ta ajiye su.

Na je bango na sauko da wuƙar daga ƙusa. Na riƙe ta ta wajen kaifi na miƙa wa Gwaggo ƙotar.

"Gwaggo, sau uku na tambaye ki ba ki ce min komai ba. Yanzu ga mota a waje. Ko ki buɗe, ko ki ba ni izini in buɗe, ko ki dubi Malama ki ce in sa su a haka in ɗaure. Ke ce mai shago. Wanne zan yi?"

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban namiji baƙo ba. A waje ina jin wata 'yar rakiya tana tambayar ko an gama, za su makara.

Gwaggo ta ajiye ledar da ke hannunta ta juyo. Ta karɓi wuƙar ta mayar da ita kan ƙusa. Ta karɓi gwangwanin Alhaji daga hannun Malama, ta haɗa da sauran biyar ta zuba a jakar bakkon da suka zo a ciki, ta ja zip, ta dire a gaban ƙafar Ɗanjuma. Sannan ta tura ƙyauren da ya rufe, ta buɗe shi har bango yadda na waje za su ji.

"Ba sai an buɗe ba, Sa'a. Tun ranar Laraba na sani, ni ma hannu gare ni. Ɗanjuma, mayar masa da kayansa yadda ya aiko su, ka ce Ladi ce ta ƙi, ba yarinya ba. Zulai, kira 'ya'yanki ku koma gida, ba inda za ki."